Yadda Ake Tafiyar da Mujallar Bincike Kan Harkar Gine-gine Wadda Kowa Zai Karanta Kyauta

Yawancin sababbin mujallun bincike ba rashin shafin intanet ke kashe su ba. Fitowa ta farko takan yi kyau, ta biyu ta zo a makare, ta uku kuma a ji shiru. Abin da ke cinye su shi ne tantance maƙaloli, saboda haka a nan zan fi daɗewa.

Da farko, ka yanke fagen da za ka tsaya. Harkar gini tana da faɗi: akwai masu zanen gini, injiniyoyi, masu ƙiyasin kuɗin aiki, masu nazarin kwangila, da masu binciken lafiyar leburori. Edita ɗaya ba zai iya auna wannan duka ba. Mujallar ITcon, wadda ke fitowa kyauta tun 1996, ta tsaya ne kan fasahar kwamfuta a aikin gini, kuma har yau tana nan. Ka rubuta a fili abin da kake karɓa da abin da ba ka karɓa.

Na biyu, kayan aiki. Kada ka ɗauki hayar wanda zai gina maka shafi daga tushe, asarar kuɗi ce. Manhajar OJS ta Public Knowledge Project kyauta ce, tana karɓar maƙala, ta tura wa masu tantancewa, ta kuma wallafa. Ka nemi lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla, daga cibiyar ƙasarka, in babu, daga babbar cibiyar da ke Paris. Lasisi kuwa, ni CC BY nake cewa a ɗauka, wanda ke ba kowa damar amfani da maƙala muddin ya ambaci marubucinta, a bar wa marubuci haƙƙin mallakarsa, a wuce wurin.

Sai tantancewa. Sabon edita yana tsoron kada ya rasa abin bugawa, sai ya tura duk abin da ya shigo ga masu tantancewa. Kafin shekara ta zagayo ya gajiyar da 'yan mutanen kirkin da yake da su, sun daina amsa saƙonsa. Kai ne matakin farko na tacewa. Ka karanta kowace maƙala da kanka, ka duba ko akwai satar rubutu, wadda ba ta kai ba ka mayar da ita cikin mako guda tare da dalili a layi biyu.

A wannan fage iri biyu ne za su yi maka yawa. Na farko, maƙalar da aka raba wa 'yan kwangila takardar tambayoyi kan dalilan jinkirin aiki, aka jera amsoshi daga mafi muhimmanci zuwa ƙasa, aka gano cewa rashin biyan kuɗi a kan lokaci ne kan gaba. An daɗe da sanin haka. In marubuci bai faɗi yadda ya zaɓo mutanen ba, da nawa ya raba wa, da nawa suka amsa, kada ta wuce teburinka. Na biyu, gwajin kankare da aka rage siminti aka sa wata toka a madadinsa. Wannan bincike ne mai amfani, amma ka nemi ma'aunin haɗin, da yawan ruwa a kan siminti, da adadin samfuran da aka murƙushe a kwana 7 da kwana 28, da ƙa'idar gwajin da aka bi, ta ASTM ce (ƙa'idar Amurka) ko ta EN (ƙa'idar Turai). Samfur ɗaya tak ba sakamako ba ne, ko da jadawalin ya yi kyau.

Wadda ta tsallake, a ba mutum biyu da ba su aiki wuri ɗaya da marubucin, a cire sunaye ta kowane ɓangare. Ka gayyaci fiye da biyu tun farko, domin wasu ba za su amsa ba. Inda za ka samo su: jerin madogarar maƙalar kanta, da takardun tarukan ARCOM da na CIB, ƙungiyoyin masu bincike kan harkar gini. Sunayen da marubuci ya ba da shawara kuwa, ka nemo adireshinsu da kanka daga shafin jami'arsu. An sha kama marubuta suna tantance aikinsu da adireshin bogi. Mako uku nake bayarwa, in tuna wa mutum sau ɗaya, in nemi wani. Kuma in maƙalar ta shafi yadda ake aiki a filin gini, ka ƙara da injiniyan da ke fita filin. Shi zai ga abin da ba ya yiwuwa a aikace, ko da ba zai rubuta dogon rahoto ba. Rahoton da ya ce "ta yi kyau, a buga" kawai, ka ɗauka ba a yi ba.

Maƙalar edita ko ta ɗan kwamiti, wani daban zai riƙe ta. DOAJ, kundin intanet da ke jera mujallun da ake karantawa kyauta, ba ta son irin waɗannan su wuce kashi 25 cikin ɗari na abin da aka buga, kuma tana neman aƙalla maƙalolin bincike biyar a shekara. Sabuwar mujalla sai ta haura shekara guda tana fitowa, ko ta buga maƙaloli goma, kafin ta nemi shiga DOAJ. Kada ka yi gaggawa.

Sauran aikin ba wuya. Lambar DOI, wato lambar dindindin da ake gano kowace maƙala da ita a intanet, daga ƙungiyar Crossref ake samu, akwai kuɗin shekara da na kowace maƙala, a sa su cikin kasafi tun farko. A nemi lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, daga marubuta. A kunna ajiyar dindindin ta PKP (masu manhajar OJS) ko ta LOCKSS don kada maƙaloli su ɓace ranar da shafin ya faɗi. In za ka karɓi kuɗin bugawa, ka rubuta adadin a shafin, kada a karɓa sai bayan an amince da maƙala, kuma mai yanke hukunci kada ya san wanda ya nemi a yafe masa. Rikicin satar rubutu ko janye maƙala, COPE, ƙungiyar da ke kula da ɗa'ar wallafa bincike, tana da matakan da ake bi a rubuce, a bi su yadda suke.