Kafin ka sayi fom ɗin digiri na biyu a kan manufofin ilimi

Shekara tara na yi da alli a hannuna a wata firamare ta ƙauye kafin a mayar da ni ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, sashen tsare-tsare. A can na ga inda ake yanke shawarar da takan sauko mana a aji kamar ruwan bazara: wace makaranta za a ƙara wa malami, wace za a yi wa rufi, wace za ta jira baɗi. Abin da ya sa na koma karatu ke nan. Tun da na gama kuwa, da wuya wata ya wuce wani ƙane ko abokin aiki bai tare ni ya ce, "Malam, ta ina zan fara?" ba.

Amsata ɗaya ce kullum. Fara da tambayar da ke hana ka barci, fom ya biyo baya.

Amma bari mu kawar da maganar takardu tukuna. A jami'o'inmu ba kasafai za ka ga kwas mai suna manufofin ilimi kai tsaye ba. Yawanci yana cikin mastas na gudanarwa da tsare-tsaren ilimi, a tsangayar ilimi. Nan gida Sakkwato akwai shi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, kuma ta makarantar karatun gaba da digiri ake nema. Ana buƙatar digirin farko mai daraja ta biyu, sakamakon sakandare mai kiredit biyar, takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da mutanen da za su tsaya maka shaida. In digirinka ba na ilimi ba ne, sai ka fara yin diflomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE, a jami'a ko ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Abin da ya fi cin lokaci shi ne takardar sakamakon darussa daki-daki daga inda ka yi digirin farko. Tawa sai da ta yi wata huɗu kafin ta iso, saboda haka ka nemi taka tun kafin a buɗe sayar da fom.

In ma'aikacin gwamnati ne kai, ka rubuta takardar neman hutun ƙaro ilimi, ka bi ta har ka riƙe amincewa a rubuce. Kada ka dogara da "je ka, ba komai" na baki, domin shugaban da ya faɗa maka haka ana iya sauya masa wurin aiki gobe. Malaman kwalejoji da jami'o'in gwamnati suna iya neman tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantarsu. Mu na firamare da sakandare ba mu cikin wannan, sai adashe da tattalin albashi. Ka lissafa kuɗin makaranta, kuɗin buga takardu, da na kabu-kabu ko man babur zuwa mazaunin jami'ar na dindindin ta gadar Kwalkwalawa, sannan ka ƙara wani abu a kai, don karatun da aka ce shekara biyu yakan zarce. Waɗanda yajin aikin malaman jami'a na wata takwas ya rutsa da su a 2022 sun san haka.

To, mu dawo kan tambaya.

Kuskuren da na yi a zangon farko shi ne na kai wa mai duba aikina take mai faɗi: matsalolin ilimi a Arewacin Najeriya. Ya karanta, ya ajiye tabarau, ya ce, "Malam, wannan aikin ma'aikatar ilimi ne gaba ɗayanta. Kai me ka gani da idonka?" Na yi shiru, sannan na gaya masa abin da na gani. A makarantar da na koyar, 'yan mata sukan cika aji ɗaya, amma kafin aji shida sai ka ƙirga su da yatsu, kuma na lura raguwar ta fi tsanani a makarantun da babu malama mace ko ɗaya. Ya ce to wannan shi ne aikinka. Daga nan kundin bincikena ya koma kan yadda ake tura malamai mata makarantun karkara a ƙananan hukumomi biyu kacal. Sai na ga karatun ya yi mini daɗi, domin kowane littafi na buɗe ina neman amsar abu guda ne.

Ɗan Sakkwato ba ya rasa irin wannan tambaya. A garin nan Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE ranar 30 ga Satumba 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004. Dokar ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, amma jiha ba ta ɗaukar rabonta na gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi. Yadda kuɗin nan ke tafiya daga Abuja zuwa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, har ya zama aji a ƙauye, kundi ne guda. A unguwar Gagi Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a 2012, kuma wanda ya zauna da alarammomi ya ji abin da suka karɓa da abin da suka ƙi a tsarin, zai rubuta abin da ba a samu a ofis. A 2015 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Me ya sauya a aji bayan haka? Ga makarantun 'ya'yan makiyaya, da aka kafa wa hukuma tun 1989. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u, wadda ta riƙa tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu. Matsalar da na yi shekara biyu ina bincike a kai, ita ta samo mata hanya tun ƙarni na 19, kuma ban ga dalilin da zai sa ɗalibin manufofin ilimi a Sakkwato ya san masanan Turai bai san wannan ba.

Littafin da ya zama wajibi ka mallaka shi ne kundin Manufar Ilimi ta Ƙasa. Ya fara fitowa a 1977, an sake duba shi a 1981, 1998, 2004 da 2013. Kada ka tsaya kan na ƙarshe kawai. Ka jera su ka ga abin da aka cire da abin da aka ƙara, sannan ka ɗauki sakin layi ɗaya ka je makaranta da shi. Bugun 2013 ya ce a koyar da yaro da harshen yankinsa a shekaru uku na farko. Shiga aji biyu ka duba ko akwai littafin lissafi na Hausa a hannun malami. Tazarar da ke tsakanin takardar da ajin, ita ce fannin namu.

Darasin ƙididdiga da na hanyoyin bincike su ne ke kayar da mutane, musamman mu da muka daɗe da barin lissafi. Kada ka ba wani kuɗi ya yi maka nazarin alƙaluma. Ranar kare kundi malamin da aka gayyato daga wata jami'a zai nuna teburi ɗaya ya ce ka yi bayani, kuma a nan ake gane mai aiki. Ka koyi Excel sosai, ka samu wanda zai zauna da kai a kan SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, ko da sau ɗaya a mako.

Alƙaluman ƙidayar makarantu ta shekara-shekara suna ma'aikatar ilimi da SUBEB. Ka karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashenku, ka je da kanka, ka gaida mutane yadda ya kamata, ka koma in an ce ka dawo. In ka samu, kada ka kwafe ka wuce. Zaɓi makarantu kaɗan ka je ka ƙirga yara da kanka, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, da rani da kuma lokacin shuka, domin rajista daban, masu zuwa daban. In za ka shiga gari, fara da gidan hakimi ko maigari, sannan hedimasta. Tambayoyin da za ka yi wa iyaye ka rubuta su da Hausa tun farko, ka gwada su a kan mutum biyar a unguwarku. Inda za a yi magana da matan aure, ka nemi mace ta shiga maka. Ni ƙanwata ce, malamar Islamiyya, ta yi mini wannan, kuma abin da iyaye mata suka gaya mata a tsakar gida shi ya zama babi na huɗu kusan gaba ɗaya.

Mai duba aikinka yana da ɗalibai da yawa. Ka riƙa kai masa babi ɗaya a buge, da gyaran da ya yi a baya a haɗe, ka rubuta ranar da ka miƙa a littafinka. Bayan an sa hannu, ka taƙaita abin da ka gano a shafi biyu, Hausa da Turanci, ka kai wa sakataren ilimi da kwamitin makarantun da suka buɗe maka ƙofa. Nawa na kai ranar wata Laraba, aka karanta shi a taron hedimastoci na ƙarshen zango.