Yadda magoyin baya zai karɓi ranar da ƙungiyarsa ta haura babbar gasa

Akasarin matasan da ke cika gidajen kallon ƙwallo a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru a nan Zariya magoya bayan Arsenal ne ko Chelsea ko Manchester United ko Real Madrid ko Barcelona, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi da ta faɗa rukunin 'yan dagaji a tsawon rayuwar waɗannan matasa. Saboda haka sun san daɗin ɗaukar kofi, amma ba su san abin da mutum ke ji ba a ranar da ƙungiyarsa ta fito daga ƙaramar gasa ta koma cikin manya. Ni na san shi ne ta dalilin Kano Pillars, wadda nake goyon baya tun ina yaro kamar Zage-zagi da dama. Ƙungiyar da ta lashe gasar Najeriya a 2008, ta kuma lashe ta sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ita ce ta faɗi a 2022, sannan ta dawo a 2023 bayan gasar ƙungiyoyi takwas da aka buga a Asaba. Abin da na ji a ranar dawowar ya fi kama da na wanda aka sallami ɗan'uwansa daga asibiti bayan doguwar jinya: jiki ya yi sanyi, ƙirji ya buɗe, hawaye suna neman zuwa ba tare da an kira su ba. Murna ce da ke gauraye da tuna wahalar da aka sha, shi ya sa take da nauyi, kuma shi ya sa take buƙatar a san yadda za a riƙe ta.

Abu na farko shi ne ka san lissafin tun kafin ranar ta zo, domin yawancin tashin hankalin da ake shiga a wasan ƙarshe rashin sanin lissafi ne ke kawo shi. A Najeriya babbar gasa, wato NPFL, ƙungiyoyi 20 ne ke bugawa, huɗu na ƙasan teburi su faɗi, huɗu kuma su hauro daga gasar NNL, inda ake raba ƙungiyoyi rukuni-rukuni tsakanin Arewa da Kudu. Tsarin fitar da waɗanda za su haura yakan sauya daga kaka zuwa kaka, don haka ka nemi sanin wanda ake amfani da shi a shekarar da kake ciki daga sanarwar masu shirya gasar, ba daga bakin majalisa ba. A Ingila kuwa gasar Championship, wadda ke ƙasa da babbar gasarsu ta Firimiya, tana da ƙungiyoyi 24, kowace ta buga wasa 46, ta ɗaya da ta biyu su wuce Firimiya kai tsaye, na bayansu kuma su fafata a wasannin cike gurbi da ake kammalawa a filin Wembley da ke Landan. Ka ɗauki takarda da biro ka rubuta makin ƙungiyarka da na wadda ke biye da ita, da rarar ƙwallayen kowace, sannan ka rubuta abin da zai faru idan kun ci, da idan an tashi canjaras, da idan an doke ku. Wasannin ranar ƙarshe a lokaci guda ake buga su, kuma sau da yawa makomarka tana rataye da wani wasa da ake yi a wani gari, saboda haka ku zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa a cikinku ya riƙa bibiyar wancan wasan ta rediyo ko ta waya, kada kowa ya riƙa jefo labarin da bai tabbatar ba. Na taɓa ganin gidan kallo ya kaure da sowa a kan ƙwallon da ba a ci ba, domin wani ya karanta saƙon da aka turo masa bai duba ba, kuma shirun da ya biyo baya ya fi zafin rashin nasarar kanta.

Sai batun inda za ka kalla. Idan wasan a Kaduna ne ko Kano, daga Zariya tafiya ce da za a iya yi a dawo a yini guda, amma shawarata ita ce ka tashi da safe, ka sayi tikiti da wuri, ka kuma shirya wurin kwana a can ko da ba ka yi niyyar kwana ba. Wasannin gida yawanci da ƙarfe huɗu na yamma ake farawa, a tashi daf da magariba, kuma direban da ya ɗauko matasa masu ihu da waƙa cikin dare a kan babbar hanya, alhali shi ma zuciyarsa tana cikin filin, ba direban da za ka miƙa wa ranka ba ne. Ka yi sallar La'asar kafin ka shiga, tun da idan fili ya cika fita da dawowa sai wanda ya gani. Idan kuma a gidan kallo za ka zauna, ka zaɓi wanda yake da janareta mai lafiya da ƙofa mai faɗi, ka zauna kusa da waɗanda kuka sha wahalar kakar tare. Dattijon da ke fama da hawan jini ya sha maganinsa, kuma idan aka kai ga bugun fenariti babu abin kunya a ce ya fita waje ya jira labari. Ba wasa nake yi da wannan ba: Luton Town ta haura Firimiya a 2023 ne bayan an tashi 1-1 da Coventry City, aka je fenariti ta ci 6-5, ita kuwa Sunderland a 2025 sai a mintunan da aka ƙara bayan cikar minti 90 ta zura ƙwallon da ta doke Sheffield United 2-1. Irin waɗannan wasanni ba su san tausayin zuciyar kowa ba.

Kada ka haɗa wannan rana da caca. Wanda ya sa kuɗinsa a kan wasan ya daina kallonsa da idon masoyi, ga kuma abin da addini ya ce a kai, wanda kowa ya sani.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya a yi tunani, wato daƙiƙun da ke biyo bayan usur ɗin ƙarshe. A lokacin ƙafa takan so ta yi gaba da kanta, ta tsallake shinge ta faɗa cikin fili, kuma wanda bai taɓa jin wannan fizgar ba ba zai gane ƙarfinta ba. Ka riƙe kanka. Dokokin gasa sun ɗora wa ƙungiya alhakin abin da magoya bayanta suka aikata, kuma hukuncin yakan zo ne ta hanyar tara, ko rufe filin ga 'yan kallo, ko mayar da wasannin gida wani gari, ko cire maki. Mu magoya bayan Pillars ba labari aka ba mu ba. A watan Afrilun 2022, bayan wasa da Katsina United a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wasu suka far wa motar baƙin, aka cire wa ƙungiyar maki uku, aka ci ta tara, aka ɗauke wasanninta daga Kano, kuma a ƙarshen kakar nan ta faɗi. Duk wanda ya ɗaga dutse a ranar yana da kaso a cikin shekarar da muka yi a ƙasa. Rikici ne ya jawo wancan, ba murna ba, amma doka ba ta tambayar abin da ke cikin zuciyar wanda ya karya shinge. Ƙungiyar da ta hauro yau za ta fara sabuwar kaka ne tana neman kowane maki da farce da haƙori, kuma babban makaminta shi ne filinta da jama'arta, to ina amfanin murnar da za ta raba ta da su tun kafin a take ƙwallon farko? Ka tsaya a inda kake, ka yi tafi, ka rera waƙar ƙungiya har muryarka ta dishe, ka bar 'yan wasa su zagayo su gaishe ku. Alƙalin wasa da 'yan wasan da aka doke baƙi ne, a bar su su fita lafiya.

A cikin gari ma haka abin yake. Na san yadda ake ɗebo babura da Keke Napep a yi jerin gwano daga PZ zuwa Kwangila, ko daga Tudun Wada a nufi Ƙofar Doka, ana hon ana kaɗa tuta, kuma ba na cewa a daina, domin murnar da ba a nuna ba takan zama ciwo. Abin da nake roƙo shi ne kada a ɗauki mutum huɗu a babur ɗaya, kada a yi wasan ɗaga taya, kada a tare hanyar da ke zuwa Shika inda motocin marasa lafiya ke bi zuwa asibitin koyarwa, kuma idan aka kira salla a dakata. Ya fi kyau ku haɗa kuɗi a majalisa ku sa mai shayi ya haɗa wa kowa, ko ku sayi tsire a ci tare da maƙwabta, har da waɗanda ba ruwansu da ƙwallo.

Akwai wani hakki da ake mantawa da shi a cikin hayaniya. A ranar haurawa kowa masoyi ne, har wanda ya yi shekara bai tambayi sakamakon wasa ba, kuma wannan ba laifi ba ne, a buɗe masa ƙofa. Amma ka nemi waɗanda suka riƙe amana lokacin da babu kyamara babu talabijin, waɗanda suka bi ƙungiya filayen da ba su da ciyawa balle rumfa, ka fara yi musu barka. Idan akwai dattijon da ya fara kai ka kallo, ka je har gida ka durƙusa ka ce, “Baba, mun dawo.” Idan ya riga mu gidan gaskiya ka yi masa addu'a, domin a irin wannan rana ne rashinsa ke dawowa sabo. Magoya bayan Leeds United sun jira shekara 16 kafin su koma Firimiya a 2020, kuma annobar korona ta sa aka buga wasannin ƙarshe babu kowa a fili. Na Nottingham Forest sun jira shekara 23 kafin 2022. A cikin shekaru masu yawa haka an haifi 'ya'ya sun girma, an kuma binne iyaye da dama waɗanda suka tafi da burin ganin ranar.

Tsokanar abokan hamayya kuwa gishirin ƙwallo ce, kuma mu da muka tashi cikin wasan da ke tsakanin Zage-zagi da Kanawa mun san iyakarta. Ka tsokani wanda ya yi maka dariya bara, amma kada zagi ya shigo, kada a ambaci iyaye ko ƙabila, a baki ne ko a Facebook da WhatsApp. Wanda ƙungiyarsa ta faɗi a ranar da taka ta haura, ka ba shi kwana biyu ya huce, ai ka san abin da yake ji.

Bayan mako guda, idan murya ta dawo, sai a zauna a dubi gaba da idon basira, domin haurawa ta fi zama a sama sauƙi. A Ingila duka ƙungiyoyi ukun da suka haura a 2023, wato Burnley da Sheffield United da Luton, sun koma ƙasa a 2024, kuma ukun da suka maye gurbinsu, Leicester City da Ipswich Town da Southampton, su ma suka koma a 2025. A jiharmu, Kada City ta Kaduna ta shiga babbar gasa a 2019 ta fita a shekarar. Dalilan a bayyane suke: albashin 'yan wasa yana ƙaruwa, dole fili ya cika sharuɗɗan hukumar gasa kafin a yarda a buga a cikinsa, tafiye-tafiye suna tsawo har Fatakwal da Uyo da Aba, kuma ɗan wasan da ya gagari kowa a ƙaramar gasa yakan tarar da masu tsaron baya da ba sa ba shi sararin juyawa. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, saboda haka jinkirin sakin kuɗi kaɗai ya isa ya hana sayen 'yan wasa a kan lokaci. Duk da haka akwai abin ƙarfafa gwiwa. Leicester ta haura a 2014, ta tsallake faɗuwa da ƙyar a kakar farko, ta lashe Firimiya a 2016. Remo Stars ta Ikenne, wadda ta sha hawa da sauka, ta dawo a 2021 ta kuma ɗauki kofin NPFL a 2025. Abin da ya kamata ka sa wa ranka a kakar farko shi ne a tsira, ko da a mataki na 16 ne, kuma idan aka doke ku sau uku a jere a waje kada ka shiga sahun masu neman a kori koci ko masu jifan yaran da suka hauro da ku wata uku da suka wuce.

Taimakon da ke hannunka ƙarami ne amma yana da tasiri. Ka biya kuɗin ƙofa maimakon neman wanda zai shigar da kai, ka sayi rigar ƙungiya daga hannun ƙungiyar idan tana sayarwa, ka shiga ƙungiyar magoya baya mai rajista domin a san fuskokin juna a kuma iya tsawatar wa masu tayar da fitina. Da zarar an fitar da jadawalin sabuwar kaka, ka kwafe wasannin gida a takarda ka manna a bango, ku buɗe adashe na kuɗin mota a majalisarku tun daga yanzu, ku kuma tsayar da direban da zai riƙa kai ku, wanda zai yarda a tashi daga Zariya kafin azahar, a kwana a can idan dare ya yi.