Yadda ake gano ta inda mai ke shiga ruwan lagireto

Idan ka buɗe marfin lagireto ka ga ruwan ya koma launin shayi mai madara, ko wani maiƙo mai kauri ya manne a ƙasan marfin, to mai ya haɗu da ruwa. Abin da ke damuna a garejojinmu na Maradi shi ne, da an ga haka sai a ce juwan kilas ya ƙone, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji (kilas) da jikinsa, a kama kwance kan inji. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa ɓarnar tana wurin da bai kai can tsada ba, kuma ana iya gano ta kafin a ɗauki sifana.

Da farko bari mota ta huce sarai, domin ruwan inji mai zafi yana da matsi, zai iya feso maka a fuska. Da safe kafin a tayar da ita ya fi. Ɗebi ruwan a kwalbar da ake ganin ciki, ka ajiye kamar minti 15. Mai zai taso sama, tsatsa kuwa ƙasa take kwantawa, don haka kada jan ruwa kawai ya ruɗe ka. Idan abin da ya taso baƙi ne ko ruwan ƙasa, man inji ne. Idan ja ne ko ruwan hoda kuma motar otomatik ce, zargi man giya: a motoci da yawa bututun da ke sanyaya shi a cikin lagireto yake, in ya huje sai su gauraye. Wannan ba laifin kilas ba ne, lagireto za a canza, a canza man giyar nan take.

Daga nan zaro sandar gwada mai. Dubi abu biyu: ko man ya ragu ba tare da ka ga ɗiga a ƙasa ba, da ko ya yi fari-fari ko ya haura alama. In ya yi fari-fari ya kuma haura, ruwa ma ya shiga mai, kar a ƙara tayar da motar. Ɗan farin maiƙo a marfin zuba mai shi kaɗai, lokacin hunturu, a motar da ba ta wuce yawon cikin gari, raɓa ce kawai.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na'urar sanyaya mai. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne, galibi kusa da filtar mai, kuma ya fi yawa a motocin gazuwal. Mai da ruwa suna wucewa ta cikinsa, siririn bango ne kawai tsakaninsu. Inji na aiki, matsin mai ya fi na ruwa nesa, shi ya sa in bangon ya huje mai ne ke kwarara cikin ruwa. Alamarsa ke nan: mai da yawa a lagireto, man inji na raguwa amma launinsa bai sauya ba, mota ba ta rage ƙarfi ba, ba hayaƙi. Don gwadawa, a cire akwatin, a toshe kafa ɗaya, a hura iska ta ɗayar, a tsoma shi a bokitin ruwa. Kumfa ta fito, ka sami ɓarawonka. A duba robobin da ke bakinsa ma, su kaɗai kan iya jawo haka. Ruwan rijiya da muke ɗurawa maimakon ruwan sanyaya inji na kanti shi ke cin ƙarfen nan a hankali.

Sai in wannan ya fita lafiya za a koma kan kilas. Tayar da inji yana sanyi, marfi a buɗe, ka zuba ido: kumfa da ke tasowa ba ƙaƙƙautawa tana nuna iskar ƙonewa na shiga ruwa. Rufe marfin, ka matsa babban tiyon sama bayan minti ɗaya ko biyu. In ya yi tauri tun inji bai ɗumama ba, alama ce. Haka farin hayaƙi da ba ya yankewa, da buji guda da ya fito tas fiye da sauran. Mai motar ya tuna ko ta taɓa tafasa, musamman a zafin Afrilu da Mayu a hanyar Zinder ko Dakoro da kaya niƙi-niƙi. Makanike ya gwada matsin kowace silinda. In an buɗe kuma, a auna kilas ɗin ko ya lanƙwashe ko ya tsage, domin sabon juwan a kan lanƙwasasshen kilas ba ya daɗewa.

Bayan gyara a wanke hanyar ruwa da maganin wanke lagireto, a ɗauraye har ruwa ya fito garau. Mai yana kumbura roba, saboda haka duk tiyon da ya yi laushi a canza shi, tare da marfin lagireto. In an cire tarmosta, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a mayar da shi, kar a jefar. A yi bidanji, wato canjin man inji, da sabuwar filta. Bayan mako guda ka sake ɗebo ruwa a kwalba: ɗan maiƙon da ke raguwa saura ne, wanda ke ƙaruwa kuwa yana nufin har yanzu akwai kafa.