Daga Kano zuwa Mambila a mota: yadda nake tsara tafiyar

Sana'ata sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa, saboda haka kada ka yi mamaki in ka ji maganar birki ta fi maganar tsuntsaye yawa a bakina. Sau uku ina hawa tsaunin Mambila na jihar Taraba da motata, sau biyu da ƙanena, sau ɗaya da iyali. Duk wanda ya ga hotunan a wayata tambayarsa ɗaya ce: "Alhaji, awa nawa ne?" Ni kuma na daina amsa ta da awa. Tafiyar nan da hasken rana ake lissafa ta. Ka zauna da takarda ka rubuta garin da kake so magariba ta same ka kowace rana, sauran tsarin duk a kan wannan zai hau.

Fara da wata. Damina a kan tsaunin doguwa ce, tana farawa da wuri, takan kai Oktoba ba ta ɗauke ba, kuma jar ƙasar can in ta sha ruwa sai ta koma kamar sabulu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi. Sai dai ka san abin da ka saya: a tsakiyar hunturu ƙura kan rufe nesa, ciyawa ta fara bushewa, wasu wuraren an cinna mata wuta. In koren nan na hoto kake nema, ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba ne naka, ruwa ya ɗauke amma tuddai ba su canza riga ba. A gandun dajin Yankari kuwa, inda za ka yada zango a hanya, abin a juye yake, sai rani ya yi nisa dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji har ka gan su da sauƙi. Ba za ka sami biyun a cike a tafiya ɗaya ba. Ni Mambila nake fifitawa.

Sai mota. Ba dole sai babbar jif ba, tafiyata ta farko da tsohuwar Corolla na yi ta, ta kuma kai ni Gembu, babban garin da ke kan tsaunin. Amma mako guda kafin tashi ka kai ta wurin bakanikenka, ka tsaya a kansa, kada ka aika yaro. A cire tayu huɗun a duba takalman birki, in sun ci rabi a canza, kada ka saurari "zai ƙara kai ka". A zubar da man birki gaba ɗaya a zuba sabo. Mutane da yawa tun da suka sayi mota ba su taɓa yin wannan ba, ƙari kawai suke yi. Man birki yana shan danshi a hankali, kuma wanda ya sha ruwa yana saurin tafasa in ya ɗau zafi. Ran da ya tafasa a gangara, za ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. A wanke lagireto, a duba fanka tana tashi, a matsa robobin ruwa a ji ko sun yi laushi. In motarka mai kuloci ce kuma ya fara zamewa, hawan Mayo Selbe zai ƙarasa shi. Dalilin da ya sa na ce mako guda: gyara yakan haifi gyara, gara ƙarar da bakanike ya bari ta bayyana a titin Zariya da ta bayyana a dajin Bali.

A but ɗina ba a rasa safaya mai iska (biyu in da hali), jak da sifanan taya, fambel, fis, galan na baƙin mai, man birki, jarkar ruwa lita 20 ta mota kaɗai, igiyar ja, tocila, da guntun katako mai kauri na tare taya. Takardun mota, lasin da inshora su zama a gaba, a leda ɗaya, don shingayen bincike suna da yawa, kuma sallama da fara'a sun fi gardama saurin buɗe hanya. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana-ƙanana, ka raba su wuri biyu ko uku. Akwai masu POS a garuruwa, amma sabis ne ba shi da alƙawari.

Ranar farko mai sauƙi ce. Bayan sallar asuba ka fita ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi, kafin azahar kana Bauchi, kusan kilomita 300. Ka ci abinci, ka cika tanki, ka kama hanyar Gombe. A Dindima za ka karya dama zuwa Mainamaji, inda ƙofar Yankari take, daga ƙofa zuwa masaukin Wikki kuma akwai sama da kilomita 40 a cikin daji, don haka kada ka iso da yamma liƙis. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, yanzu yana hannun gwamnatin jihar Bauchi. Ruwan Wikki yana fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa, digiri 31 rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa. Bayan zaman mota na yini, ban san maganin ciwon baya da ya kai shi ba. Gargaɗi ɗaya: gwaggon birin wurin ɓarayi ne masu lasin. Matata ta ajiye ledar gurasa a kan but ta juya ɗauko kofi, ko da ta waigo wani ƙato yana kan bishiya yana ɓare ledar a natse kamar shi ya saya. Rufe gilashi, rufe ƙofar ɗaki, kada yaro ya yi yawo da abinci a hannu.

Ka ba Yankari kwana biyu, ka shiga zagayen safe da jagora. Za ka ga gwambaza da mugun dawa, wataƙila ɓauna da gwanki. Giwa rabo ce. Sau uku na je, sau ɗaya na gan ta.

Rana ta uku ita ce mai tsawo, ita ce kuma wadda mutane ke rainawa. Daga Wikki ka dawo Dindima, ka wuce Alkaleri zuwa Gombe, sai Kaltungo, inda duwatsun Tangale za su fara nuna maka cewa ƙasa ta canza, sai Cham, sai gonakin rake na wajen Numan, ka haye gadar Binuwai, ka miƙe Jalingo. Duk lokutan da na bi tsakanin Numan da Jalingo ramuka ne suka yanke mini gudu, ba ni ba. In la'asar ta same ka ba ka kai Numan ba, nemi wurin kwana, kada ka ce bari in matsa. A nan ne nake yin abin da ya fi kowace taswirar waya amfani: in shiga tasha, in sayi shayi, in zauna kusa da direbobin da suka shigo yau. "Maigida, ya hanya? Ina ne ba a bi bayan la'asar?" Su suka san gadar da ruwa ya ci, da dajin da aka yi tare shekaranjiya. Labarin hanya yana tsufa cikin kwana biyu, har wannan da nake ba ka. Na direban da ya sauke fasinja yanzu shi ne sabo. In sun ce a jira ayari, ka jira. In sun ce kada a bi, ka juya, tsaunin ba ya gudu.

Daga Jalingo ka cika tanki har wuya, ka bi ta Garba Chede zuwa Bali, ka haye kogin Taraba, ka wuce Serti. Ƙa'idata daga nan: tanki ya sauka rabi, gidan mai na farko da na gani a buɗe na shiga. Mai yana ƙara tsada kana ƙara nisa, wani wurin ma sai na jarka a bakin titi, shi kuwa sai ka tace da ƙyalle.

Masu sauri suna wuce Serti su hau tsauni a ranar. Ni a nan nake kwana, kuma ina ba ka shawara ka yi haka. Na farko, nan ne hedikwatar gandun Gashaka Gumti, mafi girma a Najeriya, wanda aka kafa a 1991. A cikinsa Chappal Waddi yake, mita 2,419, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a ƙasar nan, kan iyaka da Kamaru. Hawanta tafiyar kwanaki ce a ƙafa da jagora da 'yan dako, ba abin da za ka ratse ka yi ba ne, amma kana iya zuwa ofishinsu ka nemi izini da ma'aikaci ya shiga da kai kusa ka wuni. Na biyu, kuma shi ne babban dalilina, ina so in fuskanci hawan da safe, inji a huce, ni ma a huce.

Hawan yana farawa bayan Mayo Selbe. Titi ne da aka sassaƙa a jikin dutse, kwana bayan kwana, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen rami wanda ba ka son leƙawa. Akwai wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi, suna tun zamanin sulalla. Kashe AC. Sa giya biyu ka bar ta a nan, in mai canza giya da kanta ce ka ja ta zuwa 2 ko L don kada ta yi ta sama da ƙasa. Ido ɗaya a kan allurar zafi. In ta fara hawa, nemi fili ka tsaya, ka bar injin yana aiki a hankali, ka buɗe bonet. Kada ka kuskura ka taɓa murfin lagireto sai ya huce, na ga hannun da wannan ya saɓule. Kowace kwanar da ba ka ganin bayanta ka danna oda. Kada ka manne wa babbar mota a baya, in ta mutu takan dawo da baya kafin yaron mota ya cusa katako. In hazo ya sauko, kunna fitila ka rage gudu, yakan yaye cikin ɗan lokaci.

Sai kawai bangon ya ƙare, ka ga kanka a sarari. Tuddai masu santsi ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani, shanu a warwatse a kansu, layukan dogayen itatuwan turare, iska mai sanyi ta shigo ta taga. Ƙanena, wanda tun daga Bali yake mitar an wahalar da shi, ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, nan ma Najeriya ce?" Tambayar ba ta wauta ba ce. Yankin yana cikin Kamarun da Ingila ta riƙa, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zaɓi Najeriya, har yau kuma ƙaramar hukumar sunan Sardauna take amsawa. Tsayin tsaunin kusan mita 1,600 ne a matsakaici, shi ya sa sanyin dare a Nguroje ko Gembu ba irin na Kano ba ne, mai danshi ne, yana shiga ƙashi. Ka zo da bargo da suwaita da safa ga kowa, alwalar asuba kuwa ka roƙi ruwan zafi tun da dare.

Ka ba saman kwana biyu ko uku. Daga Maisamari zuwa Nguroje zuwa Gembu kwalta ce, motarka za ta yi. Ka ratse Kakara ka ga gonar shayi, inda ake yin Highland Tea; ganyen da muke tafasawa kullum ban taɓa ganin sa a jikin itacensa ba sai a nan. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai kurmin Ngel Nyaki, daji mai duhu a cikin kwari, inda har yanzu akwai birin nan mai kama da mutum, ko da yake jin kukansa ya fi ganinsa sauƙi. Amma da zarar za ka bar kwalta, ajiye motarka a masauki. Ka hau acaɓa, ko tsofaffin Land Rover ɗin da suka cika Gembu, waɗanda wasunsu sun girme ni amma suna hawa inda sabuwar jif ke tsayawa. A matsayina na mai sayar da kayan mota, na fi awa guda ina leƙa ƙarƙashin ɗaya, ina mamakin abin da aka ɗaure da waya.

Hausa za ta yi maka aiki a kasuwa, amma Fulatanci ne ya fi yawo a tsakanin Mambilawa, Kaka, Fulani da sauransu. "Jam na?" da "useko" kaɗai sun sa an ƙara mini kindirmo. Kada ka ɗauki hoton mutum ko garkensa ba ka tambaya ba, kada ka tsallake waya ka shiga makiyaya don kawai ta yi maka kyau. Maganar fili a can ba ta wasa ba ce, an sha zubar da jini a kanta. Ka sayi fiya da ayaba da zuma, suna da araha.

Saura saukowa, wadda ita ce ainihin jarrabawar. A tafiyata ta farko na sauko kamar yadda nake tuƙi a Kano, giya huɗu, ƙafa a kan birki. Ban kai rabi ba na ji wari kamar ana ƙona roba, birki ya yi laushi. Allah ya sa akwai ɗan fili, na lallaɓa na tsaya da birkin hannu, ƙanena ya yi tsalle ya cusa katako. Na ɗauko jarka zan watsa wa tayun ruwa, sai wani dattijo direban Land Rover da ya tsaya a bayanmu ya riƙe mini hannu. "Yaro, kada ka zuba, ƙarfen zai lanƙwashe. Zauna ka sha iska." Na ce, "Baba, to yaya ake yi?" Ya ce giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, inji ne zai riƙe motar, birki taimako ne kawai: ka taka da ƙarfi kaɗan, ka saki ya huce, kada ka ɗora ƙafa ka bar ta. Kada ka taɓa sa firi, kada ka kashe inji don tsimin mai. In kun haɗu da mai hawowa a matsi, kai mai sauka kai za ka ba shi hanya.

Mun zauna kusan awa guda a gefen dutsen, ya ba mu goro, muka ba shi kilishi. Da birkin ya dawo ya ce in biyo bayansa, na bi shi a giya biyu, injin yana kuka, har Mayo Selbe. Yanzu ina tsayawa sau biyu a gangarar ko ban ji wari ba, in zagaya in kai bayan hannu kusa da kowace taya in ji zafinta. Komawa gida kwana biyu ne in ka matsa, Jalingo sannan Kano, uku in da yara, ka kwana a Gombe. Jimilla ka nemi hutun kwana goma, ka kuma gaya wa na gida su sa ranka a na sha ɗaya.