Yadda za ka tattara tarihin mulkin Buhari daga bakin mutanen Kaduna

Tarihi nake koyarwa a sakandare a nan Kaduna, kuma tun da Janar Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, Allah ya jiƙansa, ɗaliban jami'a masu aikin kammala karatu suke zuwa suna tambayata ta ina za su fara rubutu a kansa. Amsata ita ce su rufe Facebook tukuna, su shiga gari. A nan ya shiga makarantar horar da sojoji a 1962, a nan yake da gida, a nan aka kai wa ayarinsa harin bam a Kawo ranar 23 ga Yuli 2014. Waɗanda mulkinsa ya taɓa rayuwarsu suna nan da ransu, kuma da yawa babu wanda ya taɓa tambayarsu.

Kafin ka fita, raba littafinka gida uku, domin mutane suna cakuɗa zamani uku su mai da su ɗaya. Akwai mulkin soja, daga 31 ga Disamba 1983 zuwa 27 ga Agusta 1985. Akwai shekarun da ya shugabanci asusun rarar man fetur, PTF, a zamanin Abacha, har Obasanjo ya rushe shi a 1999. Sai mulkin farar hula daga 2015 zuwa 2023. Idan dattijo ya ce maka “lokacin Buhari an ga aiki”, kada ka rubuta sai ka tambaye shi wane lokacin. Sau da yawa za ka tarar PTF yake nufi: magunguna a asibitin gwamnati, littattafai a makaranta, tituna masu allon PTF a gefe. Sunan da ya yi a PTF ne ya ɗauke shi ya kai shi takarar 2003, 2007 da 2011, har ya ci a 2015, kuma shi ne tushen “Mai Gaskiya” da “a kasa, a tsare, a raka”.

Fara da takarda kafin baki. Je Arewa House da ke Rabah Road, tsohon gidan Sardauna, ka nemi tsofaffin jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo na 1984 da 1985. Tafi da takardar shaida daga makarantarku, ka kuma tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka zaro waya. Duba watan Maris 1984 da aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, WAI, da Afrilu da aka sauya launin kuɗi aka rufe iyakoki, da Yuli da aka yi yunƙurin sato Umaru Dikko a cikin akwati daga Landan. Ka karanta da hankali, saboda jaridun gwamnati ne, kuma a lokacin akwai Doka ta 4 wadda aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a ƙarƙashinta. Abin da jarida ta yi shiru a kai shi za ka kai wa dattawa.

Shi kuwa dattijo ba a faɗa masa kai-tsaye. Je bayan la'asar, ka durƙusa ka gaisa, ka ajiye ɗan goro, ka bar shi ya tambaye ka ɗan gidan wane ne. Kada ka ce, “Baba, Buhari ya kyauta ko bai kyauta ba?” Mutum ya riga ya rasu, addu'a kawai za ka samu, a shafa fatiha a sallame ka. Ce masa, “Baba, a 1984 ina kuke sayen sabulu da madara?” Nan zai gyara zama ya ba ka labarin layin kayan masarufi, da soja mai bulala a tsaye, da 'yan kasuwar da aka fasa wa rumbu aka sayar da kayansu a farashin gwamnati. Wani zai faɗa da dariya, wani da ɗaci, gwargwadon ko shi mai saye ne a lokacin ko mai sayarwa. Rubuta sana'arsa a gefen maganarsa. Ga mata kuwa, tafi da 'yar'uwarka ta shiga cikin gida, domin lissafin kwanon shinkafa bayan rufe iyaka a Agusta 2019, da wahalar sababbin kuɗi a farkon 2023, yana wurin uwar gida fiye da mai gida.

Daga nan sai ayyuka, kuma a nan ɗalibai suka fi zamewa. Kowane aiki ka yi masa tambaya uku: wa ya fara, wa ya biya, wa ya buɗe. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Rigasa Buhari ne ya buɗe shi a Yuli 2016, amma a zamanin Jonathan aka shimfiɗa layin. Gadar Kawo ya zo ya buɗe ta a Janairu 2022, amma aikin gwamnatin jiha ce ta El-Rufa'i. Titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano gwamnatinsa ce ta ba da shi, kuma ya sauka ba a gama ba. Bututun gas na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, a 2020 aka ƙaddamar da fara aikinsa. Matatar mai ta Kaduna ta fi duka ɗaure mini kai: an ba da kwangilarta a 1977 yana kwamishinan man fetur na tarayya, aka buɗe a 1980, sannan ya dawo ya riƙe kujerar ministan mai da kansa shekara takwas, matatar tana kwance. Nemi tsohon ma'aikacinta, ka kuma nemi na masaƙun Kakuri, ka ji irin fatan da suka ɗora a 2015 da abin da suka gani.

Wajibi ne ka haye kogi. Idan ka tsaya a Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi kaɗai, rabin gari ka ji. Hau mota zuwa Sabon Tasha, Narayi ko Television, ka zauna da mutanen da danginsu ke Kajuru, Zangon Kataf da Kaura. A 2015 ya samu ƙuri'a sama da miliyan 1.1 a jihar nan, Jonathan ya samu ƙasa da rabin miliyan, amma yawancin na Jonathan daga kudancin jihar suka fito, kuma masu su suna da dalilinsu. Rikicin bayan zaɓen 2011 ya ci rayuka a ɓangarorin biyu, a Zonkwa da Kafanchan da Zariya da cikin Kaduna. Kada ka buɗe hira da shi. Bari mai magana ya kawo shi da kansa.

Haka batun tsaro. Masoyansa za su tuna maka yadda shingayen bincike suka cika gari a 2014, ana laluben mutane a ƙofar masallaci da coci, da yadda bama-bamai suka lafa bayan ya hau. Gaskiya ne, rubuta. Sannan ka rubuta ɗalibai 39 da aka sace a kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021, da harin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Agusta na shekarar, da jirgin ƙasan da aka tare ranar 28 ga Maris 2022, wanda ragowar fasinjojinsa ba su dawo gida ba sai Oktoba. Ka sa da abin da ya faru a Zariya a Disamba 2015 tsakanin sojoji da mabiya Zakzaky, inda gwamnatin jiha da kanta ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya a Mando. A ganina duk rubutun da ya tsallake wannan don kunya, ko ya tsallake na farkon don haushi, bai cancanci maki ba.

Duk adadin da aka faɗa maka da baki, ka gwada shi da takarda. Litar fetur ta tashi zuwa naira 145 a Mayu 2016. Dala a farashin gwamnati tana wajen naira 197 da ya hau, wajen 460 da ya sauka. Idan maganar mutum ta saɓa da wannan, kada ka yi masa gardama a gaban 'ya'yansa, rubuta nasa, ka sa na takarda a ƙasa.

Kwafe hirar a daren da ka yi ta, tun kana tuna inda ya yi shiru da inda ya sauya magana. Wanda aka sace wa ɗa, ko ya biya kuɗin fansa, ko ya rasa wani a Zariya, kada ka sa sunansa ko layin gidansu ko da ya ce ya yarda. Shekarunsa da sana'arsa da unguwa sun isa, muryar da ka naɗa kuma ka cire ta daga waya ka adana a wani wuri.