Yadda Za Ki Fitar da Doguwar Riga Daga Yadi Uku na Atamfa

A yanzu ba kowace mace ce ke sayen cikakken turmin atamfa ba. Tun da masaƙun unguwar Kakuri da ke Kaduna suka durƙushe, musamman bayan rufe kamfanin atamfa na United Nigerian Textiles (UNTL) a 2007, yawancin atamfar da ake gani a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da sauran kasuwannin Kaduna daga waje take zuwa, kuɗinta kuma yana bin canjin dala. Shi ya sa za ki ga 'yan'uwa biyu sun haɗa kuɗi sun sayi turmi ɗaya mai yadi shida sun raba, ko kuma a ba mace rabin turmi cikin rabon kayan biki. Mata da yawa suna ajiye irin wannan atamfa a akwati shekara da shekaru saboda sun ɗauka ba za ta isa komai ba sai buba. Yadi uku yana fitar da doguwar riga mai rufe jiki har idon sawu, matuƙar an yi lissafi kafin a ɗauki almakashi.

Abin da ya kamata ki fara sani shi ne faɗin atamfar, domin shi ne zai yanke miki irin ɗinkin da zai yiwu. Yadi ɗaya inci 36 ne, saboda haka yadi uku inci 108 ne a tsawo, faɗin kuwa daga baki zuwa baki yakan kama inci 45 zuwa 48. Yawancin zanen atamfa an tsara shi ne don ɗaurin zani, wato faɗin nan shi ne yake zama tsayi idan an ɗaura. Doguwar rigar mace mai matsakaicin tsayi tana kaiwa inci 56 zuwa 58 daga kafaɗa zuwa idon sawu. Kin ga ke nan ba za ta fita a yanka ɗaya ta faɗin ba, idan kuma kika bi tsawon atamfar, gaba da baya kaɗai za su nemi kusan inci 120, ga shi zanen zai kwanta a gicciye. Mafita ita ce a raba rigar a ƙugu, a yanka sama daban, ƙasa daban. Daga ƙugu zuwa idon sawu bai cika wuce inci 40 zuwa 42 ba, wannan kuwa yana shiga cikin faɗin atamfar cif, har da rarar kalmasa.

Kafin awo, ki cire takardar da aka manna a jikin atamfar ta hanyar ɗora mata dutsen guga mai ɗumi ta baya har gam ɗin ya saki, sannan ki wanke ta da ruwan sanyi, ki shanya a inuwa, ki goge. Auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, kuma sitatin da ke jikin sabuwar atamfa yana ɓoye ainihin laushinta. Bayan guga sai ki sake auna ta da kanki, domin yankan ɗan kasuwa yakan karkace, kuma inci biyu ko uku da suka tafi a karkace suna da daraja a wurin mai yadi uku.

Ki sa wata ta auna ki, kina tsaye a miƙe da irin kayan cikin da za ki riƙa sawa da rigar. Ana buƙatar faɗin kafaɗa, zagayen ƙirji, zagayen ƙugu, zagayen kwankwaso, tsawo daga kafaɗa zuwa ƙugu, daga ƙugu zuwa inda kike so rigar ta tsaya, sai tsawon hannu da kaurin damtse. Ki rubuta komai a takarda nan take.

Bari mu ɗauki mace mai ƙirji inci 38, ƙugu 34, kwankwaso 42, mu ga yadda inci 108 za su rabu. Ƙasan rigar zai ɗauki inci 60 na tsawon atamfar a yanki guda, wanda za a zagaya shi a haɗe da ɗinki ɗaya tak a baya, a tattara samansa ya dawo daidai ƙugu. Inci 60 sun isa a yi tafiya a sake, a hau Keke Napep, a durƙusa a gaishe da manya ba tare da rigar ta ɗame ba. Saman rigar zai ɗauki inci 24. Rabin ƙirji inci 19 ne, a ƙara inci ɗaya na sakewa, inci biyu na ɗinkin gefe, da wasu biyu a baya inda zif zai zauna. Tun da daga kafaɗa zuwa ƙugu wajen inci 16 ne, idan aka ƙara rarar ɗinki ya zama 18, to gaba da baya za su jeru ɗaya a kan ɗaya cikin faɗin atamfar, har a sami ragowar wajen inci tara. Abin da ya rage a ƙarshe ƙyalle ne mai inci 24 da 45.

A kan wannan ƙyalle ne za ki yanke shawara mafi muhimmanci a ɗinkin, domin ba zai ba ki hannaye da ɗankwali gaba ɗaya ba. Idan kika yanka hannu da shi, za ki sami hannaye biyu da suka wuce gwiwar hannu, sai ki nemi gyale ko ɗankwali mai launi ɗaya da ya dace. Idan kuwa kika bar shi ya zama ɗankwali, zai yi ɗauri ƙarami mai kyau, hannayen kuma sai ki yanka su daga wani yadi. A ganina na biyun ya fi, musamman idan atamfar ta anko ce, domin a wurin biki kai da ƙirji ake fara kallo, kuma ɗankwalin da ya yi daidai da riga shi ne yake sa shigar ta cika. Hannun da aka yi da yadi mara zane ko shara-sharan yadi mai shafi ba ya nuna ƙarancin atamfa ko kaɗan idan aka zaɓi launin da hankali. Ki ɗauki ɗan guntun atamfar ki tafi da shi kasuwa, ki gwada shi da yadin a hasken rana a bakin shago, ki zaɓi ɗaya daga cikin launukan da ke cikin zanen, zai fi kyau ya zama mai duhun cikinsu. Ki kuma nemi yadi mai nauyi kusa da na atamfar, domin mai santsi sosai yana jan ɗinki ya yamutse a hammata.

Wannan ƙarin yadi yana da wani amfanin. Duk abin da ido ba ya gani, kamar shafin saman riga, abin da ake juya wuya da shi da aljihu, kada ki taɓa masa atamfa. Mace mai jiki, wadda kwankwasonta ya kai inci 50, za ta iya tsaga ƙasan rigar gida biyu ta sa dogon yanki na yadin a kowane gefe. Doguwar mace kuma za ta iya ƙara shi a ƙasa kamar inci biyar ko shida, ta maimaita siririnsa a ƙugu don a ga da gangan aka tsara haka.

Kada ki zana kai tsaye a jikin atamfa. Ki zana sassan saman rigar da hannu a kan takardar siminti ko tsohuwar jarida, ki yanke su, ki shimfiɗa atamfar a kan tabarma ko tebur mai faɗi, ki jera takardun duka a kai kafin ki yanka ko ɗaya. A nan ne za ki lura da zanen. Idan yana da sama da ƙasa, kamar tsuntsaye ko ganye mai kara, dole kowane yanki ya fuskanci wuri ɗaya, ko da juya takardar zai rage miki ɓarna. Idan furannin manya ne, ki sa ɗaya ya zauna daidai tsakiyar gaba, ki kuma duba kada babban fure ya faɗo a kan nono ko a tsakiyar mazaunai. Matsar da takarda inci biyu yakan gyara wannan, idan kuma gyaran ya ci yadi, ki rage daga inci 60 na ƙasa, domin 56 ma yana wadatarwa. Sai kin gamsu sannan ki kafe takardun da fil, ki zagaye su da alli ta bayan atamfar, ki yanka da almakashi mai kaifi wanda ba a yanka takarda da shi.

Ɗinkin kansa ba shi da wuya. Allura mai lamba 14 ta dace da atamfa, ko a keken ƙafa irin Butterfly ko a na lantarki. Ki fara da tsukewar ƙirji da ta baya, ki haɗa kafaɗu, ki juya wuya, ki sa hannaye tun gefen yana buɗe, sannan ki rufe gefe daga bakin hannu zuwa ƙugu a tafiya ɗaya. Gefen nan ki fara yi masa ɗinkin gwaji mai manyan taku, ki sa a jikinki, ki ɗaga hannuwa sama ki ga ko hammata ta kama. Inci ɗaya da kika bari a kowane gefe shi ne kaɗai abin da za ki buɗa da shi idan ta matse, saboda haka kada ki datse shi ko bayan an gama.

Wajen tattara ƙasan, ki yi layi biyu na ɗinki mai manyan taku a saman yankin, ki ja zaren da ke ta ƙarƙashin ɗinkin a hankali har faɗin ya yi daidai da ƙugun saman rigar. Ki tura yawancin tattarar gefe da baya, ki bar gaba da kaɗan don kada ciki ya yi tudu. Bayan kin haɗa sama da ƙasa sai ki sa zif mai inci 18 ko 20 wanda zai sauka ƙasa da ƙugu, in ba haka ba rigar ba za ta shiga ba. Mai shayarwa sai ta mayar da inci biyun nan na zif zuwa gaba tun wajen yanka, ɗinkin ƙasan rigar shi ma ya dawo gaba.

Ki riƙa goge kowane ɗinki da zarar kin gama shi, ko da dutsen gawayi ne idan babu wuta, domin gugar nan ce take sa ɗinkin gida ya kwanta. Bakin atamfa mai ɗauke da sunan kamfani zai faɗo a ƙasan rigar, sai ki kalmashe shi ciki bayan kin gwada tsawon da takalmin da za ki sa. Bakunan ciki kuwa, idan ba ki da injin wibin mai ɗaure bakin yadi, ki kai wa telan unguwa ya bi miki su kafin wankin farko, domin atamfa tana zare daga inda aka yanke ta.