Yadda za ka rubuta namiji na gaske a labarinka

Mazan da ke cikin yawancin littattafanmu iri biyu ne. Ko mugun miji mai sakin mata saboda gishiri ya yi yawa a miya, ko ɗan Alhaji mai ƙamshin turare da mota ta alfarma. Idan rayuwar maza kake son rubutawa, fara da ajiye waɗannan biyun a gefe.

Je ka teburin mai shayi bayan isha'i, ko majalisar bakin layi, ka kame bakinka ka saurara. Namiji ba ya cewa yana cikin damuwa. "Gari ya yi zafi" zai ce, ya kurɓi shayinsa. Magidancin da ke ficewa daga masallacin asuba bai koma gida ba, don kada a tambaye shi kuɗin cefane, sai yara sun yi barci ya lallaɓo, shi ne jaruminka. Kada ka sa masa doguwar lacca a baki kan mazantaka. Nuna shi yana kifa wayarsa duk lokacin da aka kira shi kan kayan ɗakin 'yarsa, ga biki saura wata guda. Nuna shi a maƙabarta idonsa ya kaɗa ya yi ja, wani ya dafa shi ya ce "haba, kai fa namiji ne", shi kuma ya ce ƙura ce ta faɗa masa.

Ka sani mata ne mafi yawan masu karanta ka, haka abin yake tun zamanin adabin kasuwar Kano a shekarun 1990. Ka nuna dalilin fushin miji, su ce kare maza kake, ai namiji ba ɗan goyo ba ne. Ka nuna zaluncinsa, maza su ce ka tona musu asiri, wani ma ya kira ka mijin-ta-ce. Ni dai ba na ba da amsa. Amma idan jaruminka ya ɗaga hannu ya mari matarsa, a ga shatin yatsun a kuncinta, talaucinsa ba ya wanke shi.

Maganar kuɗi kuwa, kada ka bar sana'arka don rubutu. Kasuwar bugun takarda ta ja baya, yanzu a WhatsApp da manhajar karanta labarai ta Wattpad ake yi: ka saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki ka sa shi a zauren biya. Kafin ka ankara wata ta kwafe ta watsa, wani kuma yana karanta maka littafi a YouTube ba izini. Gasar gajerun labarai ta Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata aka kafa ta, kai sai ka nemi wasu, ka kuma riƙa leƙa zaman karatu na ƙungiyar marubuta ta Najeriya, wato ANA.

Sai batun da kowa ke kauce wa: rashin ƙarfin ɗa namiji, rashin haihuwar da ake ɗora wa mace alhali daga miji ne, da rayuwar 'yan daudu. Rubuta su, amma da sakaya zance. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano, kuma hukumar tace fina-finai ta jihar tana sa ido har a kan littattafai. Hausa tana da kalmomin kunya isassu. Mai karatu zai gane me ya sa jarumin ke zagayawa wajen mai maganin gargajiya bayan magariba, hula a karkace, yana waige-waige.